Marigayi Malam Aminu Kano (1920–1983): Malamin Makaranta Daga Unguwar Sudawa

Duk inda aka ambaci sunan Marigayi Malam Aminu Kano, abin da yake fara zuwa a zukatan jama'a shi ne siyasa, wato jam'iyyun NEPU da PRP da gwagwarmayar ƙwato wa talaka 'yancinsa. Hakan kuwa daidai ne, domin a wannan fage ya shafe shekara talatin da uku na ƙarshen rayuwarsa. Sai dai akwai wani ɓangare na tarihinsa da ba a cika tsayawa a kansa ba. Kafin ya hau dandamalin siyasa, Malam Aminu yaro ne da aka fara koya wa karatu a ɗakin mahaifiyarsa, sannan kuma malamin makaranta ne da ya shekara takwas yana riƙe da alli. Ya zama ɗan majalisa, ya zama kwamishinan tarayya, ya tsaya takarar shugabancin ƙasa, amma har ya koma ga Mahaliccinsa da sunan Malam jama'a suke kiransa.

A wannan shafi za mu bi tarihinsa ta wannan fuska, domin iyaye a karkara da jami'anmu na ƙananan hukumomi su ga irin amfanin da karatun ƙuruciya da malamin kirki suke haifarwa.

Asalinsa da Haihuwarsa

An haifi Malam Aminu ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa da ke cikin ganuwar birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, Bafillace ne daga zuriyar Gyanawa, waɗanda aka san su da ilimin fiƙihu da aikin alƙalanci, kuma shi kansa ya yi aikin mufti a kotun Alƙalin Kano. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ma daga gidan malamai ta fito, kuma mace ce mai karatu.

Birnin da aka haife shi ya daɗe yana girmama ilimi. Tarihi ya nuna malaman Wangarawa sun iso Kano a zamanin Sarki Yaji, a ƙarni na 14. A zamanin Sarki Muhammadu Rumfa kuma (1463–1499) Shehu Magili ya sauka a birnin, ya karantar, ya rubuta wa Sarki nasiha a kan yadda ake tafiyar da mulki. Unguwanni irin su Madabo sun shahara da zaurukan karatu, inda ɗalibai suke zuwa daga nesa. A cikin irin wannan yanayi Malam Aminu ya buɗe ido, a gidan da littafi da tawada suke cikin kayan yau da kullum.

Makarantarsa ta Farko

Malama Rakiya ita ce malamarsa ta farko. A hannunta ya fara karatun Alƙur'ani mai girma da sanin haruffan Larabci, tun yana ɗan ƙanƙane. Waɗanda suka yi karatun allo sun san yadda wannan mataki yake. Yaro yakan fara da haddar Fatiha da gajerun surori da ka, ana biya masa yana maimaitawa. Daga nan sai a rubuta masa babbaƙu a allo, ya san kowane harafi da siffarsa, sannan farfaru, ya koyi wasulla, har ya iya haɗa baƙi ya karanta da kansa. Aiki ne da yake buƙatar haƙuri da maimaici, kuma a cikinsa ne yaro yake koyon zama wuri ɗaya, da saurare, da riƙe abin da aka faɗa masa.

Allah ya yi wa Malama Rakiya rasuwa a shekarar 1926, lokacin ɗanta yana da shekara shida a duniya. Ke nan ba ta ga ranar da ya shiga makarantar boko ba, balle ranar da ya zama malami. Amma abin da ta shuka a cikin waɗannan 'yan shekaru bai mutu ba. Bayan rasuwarta ya koma hannun kakarsa, sannan Malam Halilu, ɗaya daga cikin iyayensa maza na dangi, ya ɗauki nauyin ci gaba da karatunsa na Alƙur'ani. Maraicin uwa bai yanke masa karatu ba, domin dangi sun ɗauki ilimin yaro a matsayin amana da ke wuyan kowa.

Ya kamata mu lura da wannan sosai. Lokacin da Malam Aminu ya taka ƙofar makarantar boko yana da shekara goma, ya riga ya san mene ne karatu. Ya saba da harafi, ya saba da malami, ya saba da hadda. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma masana tarbiyya na wannan zamani sun tabbatar da cewa a shekarun farko na rayuwa ne ƙwaƙwalwar yaro take saurin ginuwa fiye da kowane lokaci.

Daga Allo Zuwa Boko

A lokacin ƙuruciyarsa karatun boko baƙo ne a Kano. A shekarar 1909 ne Baturen nan da ake yi wa laƙabi da Ɗan Hausa ya buɗe makarantar gwamnati ta farko a Nassarawa, bayan ganuwa. Iyaye da yawa suna ɗari-ɗari da ita, suna tsoron kada ta raba 'ya'yansu da addini. Gidan su Malam Aminu, duk da kasancewarsa gidan malamai, bai ga wani saɓani tsakanin karatun biyu ba.

A shekarar 1930 aka sa shi a makarantar elementare ta Shahuci, a cikin birni. A 1933 ya wuce Makarantar Midil ta Kano, wadda a yau ake kira Kwalejin Rumfa. A 1937 kuma ya samu shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka kafa a Katsina, aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta koma Zariya ta zama Kwalejin Barewa. A nan ya yi fice wajen harshe da muhawara da wasan kwaikwayo. Yakan tsara wasanni da Hausa a kan halayen jama'a, kamar cutar da ake yi wa baƙauye a kasuwa da zaluncin masu riƙe da iko, ɗalibai su gabatar, masu kallo su yi dariya su kuma tafi da darasi. Ya kammala a 1942, ya fito da shaidar malanta.

Shekarun Koyarwa a Bauci

Makarantar Midil ta Bauci ita ce wurin aikinsa na farko. A can ya yi aiki tare da malamai irin su Malam Abubakar Tafawa Balewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Nijeriya, da Malam Yahaya Gusau. A can kuma zumunci mai ƙarfi ya ƙullu tsakaninsa da Malam Sa'adu Zungur, masani kuma marubucin waƙoƙi, wanda ya yi tasiri ƙwarai a kan tunaninsa.

Malam Aminu bai taƙaita aikinsa ga cikin aji ba. Ya kula da ƙungiyar 'yan sikawut, ya ci gaba da shirya wasannin kwaikwayo, ya kuma jawo ɗalibai jikinsa a zamanin da aka saba ganin tazara mai yawa tsakanin malami da ɗalibi. Ra'ayinsa shi ne yaro ya fahimci abin da ake koya masa, a ba shi damar yin tambaya, a kuma danganta darasi da rayuwar da ya sani a gida da gona da kasuwa.

Haka kuma, shi da abokansa sun shiga cikin majalisar taɗi ta Bauci, inda ma'aikata da malamai suke haɗuwa su tattauna al'amuran mulki da ci gaban ƙasa. Tambayoyin da ake yi a wannan zama sun yi wa hukumomin En'e nauyi, har daga baya aka dakatar da shi. Amma ya nuna cewa a wancan zamani malaman makaranta su ne idon al'umma. Mafi yawan waɗanda suka jagoranci Arewa zuwa samun mulkin kai, har da Sardaunan Sakkwato Sir Ahmadu Bello, sun fara ne da aikin koyarwa.

Tafiya Landan da Kafa Ƙungiyar Malamai

A shekarar 1946 ya samu tallafin ƙaro karatu a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan da ke Ingila. Zaman da ya yi a can ya ba shi damar ganin yadda ake tafiyar da makarantu da yadda ƙungiyoyin ma'aikata suke kare haƙƙin 'ya'yansu. Tun yana can ya fara shawara da 'yan'uwansa malamai 'yan Arewa a kan buƙatar su ma su haɗa kansu.

Bayan dawowarsa gida, a shekarar 1948, aka kafa Ƙungiyar Malaman Makarantun Arewa, shi kuma ya zama sakatarenta. Ana lissafa ta cikin ƙungiyoyin ma'aikata na farko da suka game dukan Jihar Arewa. Abubuwan da ta sa a gaba sun haɗa da kyautata albashi da yanayin aikin malamai, da gyaran manhaja, da ɗaga darajar aikin koyarwa. Hujjarsa a fili take: malamin da yake fama da yunwa, ko wanda ba a ba shi horo ba, ko wanda ake wulaƙantawa a gaban jama'a, ba zai iya gina yaro ba. Duk wanda yake son gyaran makaranta dole ne ya fara da gyaran halin da malami yake ciki.

Maru da Ajiye Aikin Gwamnati

A shekarar 1949 aka tura shi Maru, a Lardin Sakkwato na wancan lokaci, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara, domin ya shugabanci kwalejin horon malamai. Wannan aiki ya sa shi a tushen al'amarin, domin waɗanda yake horarwa su ne za su bazu cikin ƙauyuka su karɓi yara 'yan aji ɗaya. Malami guda da aka horar da kyau yakan ratsa rayuwar ɗaruruwan yara kafin ya yi ritaya, haka kuma wanda aka horar da sakaci.

A ranar 8 ga Agusta, 1950, aka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Dokar aiki ba ta yarda ma'aikacin gwamnati ya shiga siyasa a fili ba, saboda haka a watan Nuwamba na wannan shekara Malam Aminu ya ajiye aikinsa ya dawo gida. Ya bar albashi da muƙami a lokacin da masu irin iliminsa ba su da yawa a Arewa. A 1953 ya zama shugaban jam'iyyar.

Makarantar Islamiyya ta Sudawa

Barin aikin gwamnati bai raba shi da koyarwa ba. A farkon shekarun 1950 ya buɗe makaranta a gidansa da ke Sudawa, wadda masana tarihin ilimi suke ambata a matsayin mafarin makarantun Islamiyya na zamani a Kano.

Tsarin da ya zo da shi ya haɗa alherin ɓangarorin biyu da shi kansa ya ratsa. Daga makarantar allo ya riƙe Alƙur'ani da ilimin addini a matsayin ginshiƙi. Daga makarantar boko ya ɗauko raba yara aji-aji gwargwadon matakinsu, da allon bango, da jadawalin darussa. Ana koyar da Larabci ta yadda yaro zai fahimci ma'anar abin da yake karantawa, ana kuma haɗawa da lissafi da karatu da rubutun boko. Bugu da ƙari, yaro yana karatunsa ne a gaban iyayensa, ya ci abinci a gidansu, ya kwana a gidansu, ba tare da an tura shi wani gari yana yawon bara ba. An kuma karɓi 'ya'ya mata tare da maza.

Magoya bayansa sun buɗe irin waɗannan makarantu a wasu unguwanni da garuruwa. Amma da yake zamani ne na zafin adawar siyasa, makarantun sun fuskanci tsangwama da farmaki daga abokan hamayya, har da yawa daga cikinsu suka rufe. Duk da haka tsarin bai mutu ba. Daga baya malamai da attajirai da ƙungiyoyin addini na kowane ɓangare sun rungume shi. A yau da wuya a sami unguwa a birnin Kano ko babban ƙauye a jihar nan da babu makarantar Islamiyya, kuma ta wannan ƙofa ce ɗimbin 'yan mata da matan aure suka samu karatu.

Ilimin 'Ya'ya Mata

Mutumin da mahaifiyarsa ce ta fara ɗora shi a kan karatu ba ya buƙatar a gaya masa amfanin ilimin mace. Malam Aminu ya tsaya tsayin daka a kan wannan batu, kuma daga cikin addini da tarihin ƙasar nan yake kawo hujjojinsa. Yakan tunatar da jama'a cewa Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya yi kakkausar suka ga mazan da suke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci. 'Yar Shehu, Nana Asma'u (1793–1864), ita ce ta tsara ƙungiyar 'yan taru, inda jajjaji suke kai ilimi ga matan karkara har cikin gidajensu.

A jam'iyyarsa an ba mata fili, inda irin su Hajiya Gambo Sawaba suka yi suna. Ya daɗe yana kira a ba matan Arewa 'yancin jefa ƙuri'a, abin da bai tabbata ba sai a zaɓen ƙananan hukumomi na 1976, sannan babban zaɓen 1979. A takarar shugaban ƙasa ta 1983, mace ya ɗauka a matsayin mataimakiya, wato Uwargida Bola Ogunbo.

Muƙamansa da Rasuwarsa

A shekarar 1959 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai ta Tarayya mai wakiltar Kano ta Gabas. A zamanin mulkin Janar Yakubu Gowon ya riƙe muƙamin Kwamishinan Sadarwa na Tarayya daga 1967, sannan Kwamishinan Lafiya daga 1971 zuwa 1974. A 1978 ya jagoranci kafa jam'iyyar PRP, wadda ta ci kujerun gwamna a jihohin Kano da Kaduna a zaɓen 1979. A ƙarƙashin wannan gwamnati ne aka kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano a shekarar 1980.

Duk da waɗannan hidimomi bai daina karantarwa ba. Yakan gabatar da tafsirin Alƙur'ani a watan Azumi, jama'a su taru su saurara. Ya kuma rubuta littattafai da Hausa, daga cikinsu akwai Motsi Ya Fi Zama da Hikayoyin Kaifafa Zukata, da tarihin amininsa Malam Sa'adu Zungur. An san shi da sauƙin kai da gudun tara abin duniya, cikin fararen tufafinsa da jar hula.

Allah ya karɓi ransa ranar 17 ga Afrilu, 1983, yana da shekara 62. An binne shi a gidansa da ke Gwammaja, a Ƙaramar Hukumar Dala. Gidan ya zama cibiyar nazarin dimokuraɗiyya a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, kuma ana kiransa Gidan Mambayya, wato laƙabin mahaifiyarsa. Filin jirgin saman Kano da Asibitin Koyarwa da Kwalejin Shari'a da Nazarin Addinin Musulunci duk suna ɗauke da sunansa.

Darasi Ga Iyaye da Shugabanni

Tun bayan zamanin koyarwarsa an samu sauye-sauye masu yawa. A 1976 Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare ga kowa, wato UPE. A 1999 aka ƙaddamar da shirin UBE a Sakkwato, sannan dokar 2004 ta wajabta ilimi kyauta na shekara tara ga kowane yaro, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, ta kuma sanya kula da ilimin ƙananan yara kafin firamare cikin shirin. Doka dai tana nan a rubuce. Amma doka ba ta ɗaukar yaro ta kai shi aji, ba ta kuma tsayawa a gaban allo. Wannan aikin mutane ne, kuma tarihin Malam Aminu ya nuna mana su wane ne.

Na farko su ne iyaye, musamman mata. Uwar da take biya wa ɗanta Fatiha, take koya masa gaisuwa da ƙirga da tatsuniya, ta riga ta buɗe makaranta a ɗakinta. Idan lokacin shiga aji ya yi, kada a jinkirta saboda talla ko kiwo ko aikin gona. Yaron da aka sa a makare yakan tarar da ƙannensa sun wuce shi, kunya ta kama shi, ya gudu. 'Ya mace kuwa, ilimin da aka ba ta yau shi ne za ta shayar da 'ya'yanta gobe.

Na biyu su ne malamai. Muna kira ga malaman ajin share fage da aji ɗaya da na allo da na Islamiyya da su san girman abin da aka damƙa musu. Yaron da ya bar aji uku bai iya haɗa baƙi ba, da wuya ya cimma sauran darussa, domin kowane fanni ta hanyar karatu ake shigarsa. Zuwa a kan lokaci, da haƙuri, da sanin kowane yaro da sunansa, su ne jarin wannan aiki.

Na uku su ne shugabanni. Akwai wata ɗabi'a da ta zama ruwan dare, ta tura malami mafi rauni zuwa aji ɗaya, a ajiye ƙwararru a aji shida saboda jarrabawa. Ya dace sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu su sake duba wannan, domin ginin da tushensa ya karkace ba a gyara shi daga sama. Haka nan shugabannin ƙananan hukumomi da kansiloli su tabbatar da haƙƙin malami yana isa gare shi a kan kari, a kuma kula da waɗanda aka tura ƙauyuka masu nisa. Iyayenmu hakimai da dagatai da masu unguwanni su ne suka san kowane gida da yawan yaran da ke cikinsa. Idan suka riƙa leƙa makaranta, suka duba rajista, suka tambayi dalilin rashin zuwan yaro ko malami, suka kuma ƙarfafa kwamitin kula da makaranta da ƙungiyar iyaye da malamai, za a ga canji ba tare da an jira wani daga birni ba. Maraya kuma a riƙe shi a makaranta, kamar yadda dangin Malam Aminu suka riƙe shi.

A cikin yaran da suke zaune a kan tabarma yau a makarantun ƙauyukanmu akwai alƙalai da likitoci da malaman gobe. Babu wanda ya san wane ne a cikinsu, kamar yadda a shekarar 1926 babu wanda ya san abin da marayan nan na Sudawa zai zama. Abin da ya rage gare mu shi ne mu ba kowannensu malami nagari tun da wuri.

Allah ya jiƙan Malam Aminu Kano da iyayensa da malamansa, ya sa Aljanna ce makomarsu, ya kuma albarkaci zuriyarmu da ilimi mai amfani, amin.